Darasi na 9: Kiwon Itatuwa a Sabon Fegi Kafin a Aza Tubali

Abin da darasin ya ƙunsa

A wannan darasi za mu karanta yadda mutanen da aka yanka wa filin gina gidaje za su haɗa kai, don Allah da amfanin unguwa, su kula da itatuwan wurin tun gini bai soma ba. Za mu yi awo da igiya, mu yi lissafin ruwa da jarka, mu kuma koyi rubuta rajistar itatuwa. Misalanmu daga Malanbil ne da maƙwabtanta. Kowa ya zo aji da igiya mai ɗan tsawo, da littafi da fensir.

Garin da ke zaune kan rairayi

Malanbil, wadda ake rubutawa Malanville a allunan hanya, ita ce masaukin ƙarshe a arewacin Jamhuriyar Benin kafin matafiyi ya haye gada ya shiga ƙasar Gaya a Nijar. Tana cikin jihar Alibori, a bakin Kogin Isa, wanda wasunmu ke kira Kwara, kusa da inda kogin Sota ke zubowa cikinsa. Sunan wani gwamnan Faransa na Dahome, Henri Malan, aka laƙaba mata. Kafin nan Tassi ake ce wa wurin, wato rairayi da harshen Dandi. Ku riƙe wannan tsohon suna, zai dawo mana idan mun zo lissafin ruwa.

Garin kullum ƙara cika yake. Kasuwarsa ce ake lissafawa ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, ga shinkafa a fadamar kogi, ga albasa, ga fatauci. Ƙidayar 2002 ta sami mutum kimanin 101,000 a ƙaramar hukumar Malanbil, ta 2013 kuwa ta sami fiye da 168,000. Kowannensu yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Sannan ga ambaliya: a 2010 da 2012 da 2013 ruwa ya ci gidaje da gonaki a Malanbil da Karimama, ya tuna wa jama'a cewa tudu ya fi kwari kwanciyar hankali. Ta haka gonakin bayan gari suke komawa fegi, shekara bayan shekara.

Shekarun jira

Duk wanda ya taɓa mallakar fuloti ya san akwai tazara tsakanin ranar da masu awo suka kafa turakun iyaka da ranar da tifa ta sauke yashin farko. Wani shekara biyu, wani biyar, wani har ya aurar da 'ya bai haƙa harsashi ba, domin kuɗin gini a hankali ake tara shi. A cikin waɗannan shekaru fili ba gona ba ne kuma bai zama gida ba. Manomin da ke tsaron itatuwansa ya tashi, mai gidan da zai ji daɗin inuwarsu bai iso ba. Mai neman itacen girki ya rage reshe, mai gawayi ya kayar da kirya, awaki su cinye tohon da ya fito, wutar kaka ta gama da saura. Sau da yawa ma mai fuloti da kansa ne ke fara ɓarnar: ran da aka nuna masa iyakarsa sai ya sa a share wurin tas, don kowa ya san yana da mai shi.

Daga baya gida ya tashi, an rufa kwano, watan Afrilu ya zo da zafin da ke wuce digiri 40. A lokacin ne maigida zai tafi neman ɗan dashen mangwaro mai tsawon kamu ɗaya, ya dasa shi a inda ya kayar da tsamiyar da ta girme shi. Yaran da aka haifa a gidan za su shiga makaranta kafin su zauna a inuwar wannan mangwaro.

Abin da nake so ku fita da shi daga ajin nan ke nan: inuwar sabuwar unguwa a shekarun jira ake samunta ko a rasa ta, kuma itacen da kuka tarar a tsaye ya fi ɗari da za ku dasa. Shi ya riga ya kai saiwarsa inda danshi yake, ya fi ƙarfin bakin akuya, ba ya roƙon kowa ruwa. Abin da yake bukata mutum ne da zai ce a bar shi.

Darasi biyu daga tsallaken kogi

A 1965 aka fara dasa wani shingen itatuwa a kewayen Yamai, galibi dogon yaro, don ya tare wa birnin iska da ƙura. Ya kai faɗin hekta fiye da 2,000. Itatuwan sun kama, sun girma, sun jure fari. Abin da fari bai yi musu ba, yankan filaye ya yi: birni ya matso, aka yi ta gutsurar wurin ana mai da shi fuloti, har babban sashe ya salwanta. Itace ne na hukuma, wanda babu wani maƙwabci da ke jin nasa ne, kuma ba a shigar da shi cikin tsarin unguwannin da suka zo daga baya ba.

Darasi na biyu daga Maraɗi yake. A farkon shekarun 1980 ana ta dashe a yankin, mafi yawa yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na raye a ƙasa. Idan aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka rage saura, sai su miƙe su koma itace. Manoma suka karɓi dabarar, suka sa mata suna sassabin zamani, ta bazu daga gona zuwa gona. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itace kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kusan duka ba tare da dashe ba.

Ban kawo wannan don in rage darajar dashe ba. Benin tana da ranar itace ta ƙasa, 1 ga Yuni, tun 1985, Nijar kuma tana dashe a ranar samun 'yancinta, 3 ga Agusta. A 2013 gwamnatin Boni Yayi ta ƙaddamar da shirin dasa itace miliyan 10, wato ɗaya ga kowane ɗan ƙasa. Niyya ce mai kyau. Sai dai ranar dashe yini ɗaya ce, rani kuwa a nan wata bakwai ne, kuma a watan Maris ake gane wanda ya dasa da gaske.

Kafin a taɓa ko reshe ɗaya: izini

Aikin gayya ba baƙo ba ne a gare mu. Zabarmawa da Dandawa suna da irinsa, boogu. Amma gayyar noma a gonar mutum ɗaya ake yin ta bisa gayyatarsa, wannan kuwa a filin mutane da yawa ne, wasu ma ba sa gari. Nan ne ake bukatar hankali.

A al'adar ƙasashenmu dasa itace alama ce ta mallaka. Shi ya sa wanda aka ara wa gona ba ya dasa mangwaro a cikinta. Idan matasa suka shiga fulotin wani suka dasa ba da saninsa ba, ko da zuciyarsu fari ce fat, shi zai ɗauka fili ake son ƙwace masa, kuma kada ku ga laifinsa. Don haka a fara da zama: masu fuloti, mai unguwa, liman, wakiliyar mata, da wanda gonar ta fito daga hannunsa. A rubuta a takarda cewa itacen da ke cikin fuloti na mai fuloti ne, da inuwarsa da 'ya'yansa, masu aikin sa-kai ba su da haƙƙi a ƙasar. A faɗa wa dattijo da baki ma: "Baba, fili naka ne, mun sani. Ɗorawar nan muke roƙon ka bar mana mu kula da ita, jikokinka ne za su sha inuwarta."

Daga nan sai ofishin magajin gari, a nemi ganin taswirar fegin: ina titi zai bi, ina aka ware wa makaranta, masallaci, kasuwa da filin taro. Sai kuma jami'an gandun daji. Dokar gandun daji ta Benin, mai lamba 93-009 ta 2 ga Yuli 1993, tare da ƙa'idojin da suka biyo ta, ta ba wasu itatuwa kariya, ba a sare su sai da izini. Kaɗanya da ɗorawa da giginya suna ciki. Sanin wannan yana ba ku ƙafar tsayawa ran da wani ya zo da gatari.

Idan kun yi sa'a ba a kafa turaku ba tukuna, to ku hanzarta. Kafin a zana taswira, karkata titi da taki biyar don a tsirar da kuka abu ne mai sauƙi. Bayan an zana an sa hannu, sai dai haƙuri.

Zagaye da rajista

Ku zagaya filin da sassafe, tare da tsohon manomin wurin da tsohuwar da ta saba tsintar itace a can. Su ne suka san wace kaɗanya ke 'ya'ya, wace giginya ce namiji wace ce mace, ina ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Kowane itace a ba shi lamba da fenti a jikin ganga. Kada a buga ƙusa, kada a sassaƙe ɓawo don yin alama. A littafi a ja layi shida: lamba, sunan itace, kewayen gangarsa, lafiyarsa, fulotin da yake ciki, da sunan mai kula da shi.

Layin ƙarshen nan shi ne ran aikin. Itacen da aka ce na kowa ne, babu mai zuwa duba shi. A rubuta sunan mutum ɗaya a gaban kowace lamba, ko da mutum ɗaya zai ɗauki biyar.

Ba kowane itace za a iya tsirarwa ba, kuma faɗin gaskiya tun farko yana sa masu fuloti su yarda da ku. Wanda ya faɗo tsakiyar titi, ko ya ruɓe a ciki, ko ya karkata kan inda ɗaki zai zauna, a rubuta shi a matsayin mai tafiya, a nemi izinin sara, a amfana da katakonsa. Ƙarfinku ku tara shi kan masu jinkirin girma da ba a maye gurbinsu a rayuwar mutum ɗaya: tsamiya, kuka, kaɗanya, ɗorawa, maɗaci, kanya, gawo, giginya.

Giginya tana bukatar magana ta musamman, domin ita ce adon wannan yanki, daga nan har Dallol Mawri a ƙasar Gaya, inda ƙauyuka ke cin moriyar azararta da murucinta. Tana shafe shekaru tana ganye a ƙasa kafin ta ɗaga ganga, don haka wanda bai sani ba zai ɗauka kaba ce kawai ya sassabe. Duk inda kuka ga irin wannan ganye, ku kewaye shi. Amma a tuna karin maganar nan, inuwar giginya na nesa ka sha, a kuma tuna nauyin 'ya'yan macen idan sun faɗo. Wurinta bakin titi ne da iyakar unguwa, nesa da kwano da wurin wasan yara.

Awon igiya

Mutane da yawa suna zaton saiwar itace ƙasa take nutsawa kamar rogo. Wasu itatuwa suna da irin wannan doguwar saiwa, amma ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa da abinci galibinsu a saman ƙasa suke, cikin zurfin da bai wuce santimita 60 ba, kuma suna bazuwa har su wuce inda inuwar rassa ta tsaya. Suna kuma numfashi. Ƙasar da tayar tifa ta danne, ko aka jibge mata yashi da tsakuwa, iska ba ta shigarta.

Masu aikin itatuwa a Ingila suna da ƙa'ida: a auna faɗin ganga daga gefe zuwa gefe a tsayin mita ɗaya da rabi, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a bari daga gindin itace ta kowane ɓangare, ba a wuce mita 15. Mu ba sai mun nemi abin awon faɗi ba. Kewayen ganga ya ninka faɗinta sau uku da 'yan kai, saboda haka faɗi 12 ya yi kusan kewaye 4. Ga yadda za a yi: a zagaya ganga da igiya daidai ƙirji, a ƙulla alama. A auna wannan tsawo sau huɗu. Mutum ɗaya ya riƙe bakin igiya a gindin itace, ɗaya ya ja ta ya zagaya yana zana da'ira da sanda. Cikin da'irar nan gidan itace ne. A kafa turaku, a kewaye da ƙaya ko tsofaffin bulo.

Misali: tsamiya mai kewayen mita ɗaya da rabi tana son mita 6 ta kowane gefe. A fuloti mai mita 20 da 25 wannan wuri ne mai yawa, na sani. Amma kowane gidan Bahaushe ko Badande yana da tsakar gida, to me zai hana a tsara ginin yadda tsakar gidan za ta faɗo kan da'irar? Idan dole sai harsashi ya shiga, ya shiga ta gefe ɗaya kawai, daga baki-baki, a haƙa da hannu, saiwar da aka tarar a yanke ta da zarto yanka mai kyau, a rufe da ƙasa mai danshi a ranar.

Ni mai wannan rubutu ta nan na yi asarar tsamiya. Na hana a sare ta, na ɗauka na gama nawa. Amma a gindinta aka sauke yashi, a inuwarta aka yi ta kwaɓa siminti wata da watanni, a nan ake wanke shebur da baro, ramin harsashi kuma ya bi kusa da ita ta gefe biyu. Ran da muka tare tana kore shar. A rani na biyu rassan sama suka fara bushewa, a na uku muka kayar da ita don kada ta faɗa wa ɗaki. Babban itace ba ya mutuwa a ranar da aka cuce shi, shi ya sa ba a danganta mutuwarsa da gini. Har yau idan na fito tsakar gida da azahar, wurin da take nake fara dubawa.

Kututture mai rai

Bayan manyan itatuwa, ku duba ƙasa. Duk kurmin kalgo, sabara, marke, magarya ko aduwa da kuka gani, ku buɗa shi, galibi za ku tarar da kututture. Ku zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi miƙewa da ƙarfi, ku yanke saura. Rassan da kuka bari ku rage musu ƙananan reshe na ƙasa har zuwa rabin tsayinsu. Adda ta kasance mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. A ɗaura jan ƙyalle, mai wucewa ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni a dawo a sake ragewa, shekara ta zagayo a bar reshe ɗaya ko biyu.

Irin wannan toho yana tsere wa dashe nesa ba kusa ba, domin tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi, kuma ba ya cin ko jarka ɗaya. Rassan da aka rage a ba matan da suka saba samun itacen girki a wurin. Idan suna da rabo, su ne za su zama masu gadin filin.

Dashe da lissafin ruwa

Sai an gama da tsayayyu da kututture ake zuwa dashe, a cike gurbin da babu komai. A fara da wuraren da aka tabbata ba za a yi gini ba: bakin titi, filin makaranta, harabar masallaci.

Kowane itace da wurinsa. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, yana saurin girma kuma yana jure fari, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Kogin nan yana cika sau biyu: a Agusta da Satumba da ruwan daminarmu, sannan cikin hunturu idan ruwan ƙasar Gini ya iso. Inda ruwa ke kwanciya, giyayya da bagaruwa da giginya ne ke jurewa, jema kuma tana riƙe gaɓa. Amma a ji ni da kyau: itace ba ya mai da hanyar ruwa wurin gina gida. Ceɗiya da durumi da turare saiwarsu na neman danshi da ƙarfi, a nisanta su da rijiya, masai da bango. Manyan itatuwa a ba su aƙalla mita 5 daga inda bango zai tashi, kada kuma a sa su ƙarƙashin inda wayar lantarki za ta bi. Zogale, lalle, gwaiba da lemo su ne na kusa da ɗaki.

A nan arewa, ranar 1 ga Yuni sau da yawa ruwa bai zauna ba. A yi bikin, a haƙa ramuka, amma a jira ƙasa ta jiƙu sosai kafin a sa dashe. Rami ya zama santimita 50 a faɗi, 50 a zurfi. A gauraya ƙasar sama da taki ruɓaɓɓe, domin ɗanyen taki yana kiran gara. A yanke leda a cire ta gaba ɗaya, kada a binne ta. Wuyan dashe ya tsaya daidai da ƙasa yadda yake a ledarsa. A yi masa ɗan kwarmi mai tare ruwa, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, a bar tazarar tafin hannu daga jikinsa. A kewaye shi a ranar, kada a ce sai gobe, akuya ba ta jira.

Yanzu mu dawo kan Tassi. Rairayi ba ya riƙon ruwa, saboda haka yayyafi kullum ba ya kai wa saiwa. Gara a zuba da yawa sau biyu a mako, da yamma. Wanda ya samu tulu na ƙasa ya binne shi kusa da dashe har wuya, ya cika shi ya rufe baki, ruwa zai riƙa tsattsafowa a hankali.

Mu ɗauka jarka ɗaya mai lita 25 tana isar dashe biyu a kowane ban-ruwa. Ƙungiya mai mutum 10 ta dasa 40. Kowane ban-ruwa jarka 20 ke nan, a mako jarka 40, kowane mutum jarka 4. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu mako 30 ne, wato jarka 1,200, ko lita 30,000. Wannan mai yiwuwa ne, musamman in akwai amalanke. To a ce ƙungiyar ta ji daɗin biki ta karɓi dashe 400. Kowane mutum zai ɗauki jarka 40 a mako, ga sana'arsa, ga gidansa. Ba zai yi ba, kuma ba lalaci ne ya hana shi ba. Ku ƙirga hannuwanku da nisan rijiyarku tukuna, sannan ku faɗi yawan dashen da za ku karɓa.

Wuta, dabba da wuƙa

Da ciyawa ta fara bushewa a Oktoba ko Nuwamba, a kira gayya a share kewayen kowane itace da kowane dashe, taki biyu ko uku. Gambar da ke filin a yanke ta a yi zana, kada a bar wa wuta.

Dabbobi kuwa, shinge kaɗai ba ya isa. Filin da kuke kira fegi jiya makiyaya ce ko burtali. Ku je wurin ardo ko rugga da girmamawa, ku nuna masa inda kuka kewaye, ku ji ta inda shanu suka saba bi zuwa ruwa, kada ku toshe. Makiyayin da ke saran ganyen gawo ko maɗaci a rani ana iya daidaitawa da shi ya rage wasu rassa ya bar kan itace.

Masu sassaƙen magani ma haka. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Idan aka ɓare ɓawo ya zagaye ganga, an yanke wannan hanya, itace zai mutu ko bayan shekara ne. Mai bukata ya ɗiba kaɗan ta gefe ɗaya, a tsaye, ya bar wurin ya warke. Kaucin da ya kama reshe a yanke shi tun bai yaɗu ba.

Ranar da magina suka iso

Duk wahalar shekarun jira tana iya tafiya a mako ɗaya. Mai kula da itace ya kasance a wurin ran da motar farko za ta shigo, ya nuna wa direba inda zai bi da inda zai juye kaya. Ya sami shugaban magina ya gaishe shi, su zagaya da'irar tare: "Malam, ga iyakar da muka ja. Inuwar taku ce, ku huta, ku ci abinci, ku yi salla. Kwaɓin siminti da wankin kaya dai don Allah a yi su can." Ruwan siminti yana da kaifi irin na toka mai ƙarfi, yana ƙona ƙananan saiwoyi. Kada a hura wuta a gindi, kada a ɗaure waya a ganga, kada a tara ƙasar harsashi a cikin da'ira. Reshen da zai tare gini a yanke shi da zarto tun kafin mota ta karya shi: a fara ɗan yanka ta ƙasa, a sauke nauyin ta sama, sannan a gyara guntun kusa da kumburin da ke gindin reshe ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan rauni ke rufewa. Idan da hali, a rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin yarjejeniyar aikin tun kafin a biya kuɗin farko.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa itatuwa suka fi salwanta a tsakanin yankan fili da fara gini? Kawo dalili uku daga abin da ka gani da idonka.

2. Maɗaci yana da kewayen mita 2. Mita nawa za a bari daga gindinsa?

3. Ƙungiya mai mutum 15, kowa yana iya kawo jarka 6 a mako. Bisa lissafin da muka yi, dashe nawa za su iya rainawa?

4. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama dattijo mai fuloti da ke son sare ɗorawa, ɗaya ya zama matashin da ya zo roƙo. Sauran aji su saurara su faɗi inda maganar ta yi daɗi da inda ta kauce.

5. Rubuta wasiƙa mai layi biyar zuwa ga magajin gari kana neman a nuna wa ƙungiyarku taswirar fegi.

6. Kafin zama na gaba, kowa ya je wani fili da aka yanka ba a gina ba, ya nemi izinin mai shi, ya auna itace uku da igiya, ya nemo kututture ɗaya mai toho, ya cika layuka shida na rajista. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya zana itacen ya sa lamba, sunan mu rubuta shi tare a allo.